HAUSA A GIDA, TURANCI A TAKARDAR JARRABAWA

Jawabin da aka gabatar ga 'yan uwa matasa a Rijiyar Zaki, ƙaramar hukumar Ungogo.

'Yan uwa, yaron Rijiyar Zaki da Hausa yake buɗe baki. A wani gidan kakarsa na jin Fillanci, shi ko kaɗan. Da asuba ya ɗauki allo, ya haɗu da Larabci. Hantsi na yi ya tafi firamare, malami ya rubuta Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, tunda ya san in ba haka ba babu mai ganewa. Ran jarrabawa kuma ba mai fassara masa. Ga Jami'ar Bayero nan kusa, a kan titin Gwarzo, yana ganin katangarta, amma in bai ci Turanci da kiredit a WAEC ko NECO ba, ƙofar a rufe take.

To, laifin Hausa ne? Wasu haka suka ɗauka. Har za ka ga uba ya hana Hausa a gidansa, alhali nasa Turancin ma rarrafe yake yi. Yaro ya tashi ba Hausa mai kyau, ba Turanci mai kyau, an yi ba wan ba ƙanen.

Shi kansa Bature bai fara da harshensa ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, shekara shida bayan cin Kano, da Hausa aka riƙa koyarwa a cikinta. A Ile-Ife kuma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada koyar da yara da Yarabanci duk shekara shidan firamare, Turanci yana darasi guda a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, a wasu darussan ma sun fi su. Dalili a fili yake: wanda ya iya karatu da harshen da yake ji, haɗa baƙi ya riga ya zauna masa, sai kalmomi kawai zai nema.

Ita gwamnati, manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida. A 2022 aka mai da shi shekara shida. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. A duk tsawon wannan kai-komo ba a wadata azuzuwa da littattafan Hausa ba, balle malaman da aka horar. A shekarar 2025 Nijar ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Saboda haka duk mai ƙane a firamare, bayan magariba ya zaunar da shi, ya miƙa masa littafin Hausa, Magana Jari Ce ma ya isa. In ya karanta shafi bai tsaya ba, a kawo na Turanci. In ya cije, daga nan gyara zai fara.