Gauraka da Fadamar Baturiya

Jama'a, gauraka ya yi wuyar gani a fadamun Haɗejiya. Masu tarko sun yi ta kama shi suna sayarwa. Ruwa kuma ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974.

Amma tsuntsu yana komowa in an tsare shi. A Bamuda, wani tsibiri gabas da Amurka, akwai tsuntsun teku da aka ɗauka ya ƙare. A 1951 aka sake ganinsa. Ma'aurata 18 kaɗai aka samu. Mutanen wurin suka yi musu ramukan kwanci, suka kashe ɓeraye. Yau sun haura ma'aurata 100.

A 2008 aka sa Baturiya cikin fadamun duniya da ake tsarewa. To, tsarewar tamu ce. Kada mu ɗebi ƙwai. Kada mu kafa tarko. Kada mu sare itatuwan da tsuntsaye suke kwana.