Tsohuwar Rediyo a Teburin Malami



A gidaje da dama na ƙasar Rano da Kibiya akwai akwatin rediyo ko talabijin mai baƙi da fari da ya shekara goma a ƙarƙashin gado, ƙura ta lulluɓe shi. Da irinsu iyayenmu suka saurari Sashen Hausa na BBC tun 1957, da Rediyon Kaduna tun 1962. Da irinsu aka kalli CTV ta Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, yau kuma take ɗauke da sunansa. Yanzu 'yan jari-bola ke saye su da kuɗin goro, su farfasa, su ƙona wayoyin don neman jan ƙarfe.

Wasu daga cikinmu sun mayar da gyaransu abin ɗebe kewa bayan tashi daga aiki. Daɗin abin shi ne tsohuwar na'ura ba ta ɓoye cikinta. Ka kwance kusoshi huɗu, sai ga komai a shimfiɗe, kowane ɓangare da girman da ido zai gani, yatsa ya nuna. Wayar salula kuwa a liƙe take, sai dai a canja allo. Sau da yawa ciwon ƙarami ne: batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfe, ko dalma ta saki, ko kafasita ta bushe. A kankare tsatsa, a narka dalma a liƙa, sai muryar gajeren zango ta taso cikin shuu.

Mu da muke koyar da kimiyya da fasaha a ƙananan sakandare da alli kaɗai, muna zana wa yaro hanyar lantarki a allo alhali bai taɓa riƙe ta ba, wannan ɗakin gwaji ne da ba ya jiran kasafi. Masu gyaran da suka san aikin kuma suna tsufa, yaransu sun koma gyaran waya.

Sai dai a kiyaye. Kwalbar tsohon talabijin mai launi tana aiki da wutar da ta haura bolt 20,000, kuma tana riƙe saura ko an zare fulogi. Gilashinta ma akwai dalma mai guba. Kada ɗalibi ya buɗe shi. Rediyo mai batir ita ce ta aji.

Roƙonmu ga reshe: kowace makaranta ta tattara rediyo biyu ko uku daga gidajen malamai, mu gayyato dattijo mai gyara ya zauna da yara sau ɗaya a mako, mu haɗa masa abin sallama daga aljihunmu.