Awon Magani da Lafiyar Haƙori: Lacca ga Matasan Masu Bincike a Ƙasar Arewa

Malamaina, ma'aikatan lafiya na Dogondutsi da Tibiri, ɗalibai, da iyayenmu na Sukukutane da suka bar ayyukansu suka zo, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan abin da mai son binciken ciwon baki da haƙori zai fara sani game da magani. Ni a ganina, ya fara da awo: nawa aka sha, ina ya bi a jiki, yaushe ya fita, kuma ta wace hanya.

Bari in ɗauko misali daga Tibiri, ba tamu ta nan ba, ta Gobir da ke kusa da Maradi. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗanɗano, amma cike da sinadarin fulorayid. Wannan sinadari in ya zo kaɗan yana ƙarfafa ɓawon haƙori, shi ya sa ake zuba shi a man goge baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin kowace lita. Ruwan Tibiri ya ninka haka sau uku ko fiye. Yara dubbai suka tashi da haƙora masu jan tabo, da yawansu ƙafafu suka lanƙwashe, kuma sai da aka shafe shekaru fiye da goma kafin a gane daga ruwa ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, fulorayid yana fara nuna kansa a haƙori tun awonsa bai kai na lalata ƙashi ba. Da akwai mai duba bakin yaran nan da ya san wannan, da an yi wa tufkar hanci da wuri.

Saboda haka, ɗalibi, in ka shiga ƙauye a Dallol Mawri ka ga yara sa'o'in juna duk da tabo iri ɗaya, ɗebi ruwan rijiyarsu ka kai ɗakin gwaji a Yamai. Amma kafin nan ka zauna da uwa ka tambaye ta. Jan goro da na fure a saman haƙori suke, gogewa na rage su. Tabon tetrasaikilin kuwa a ciki yake, domin maganin yana manne wa sinadarin da ake gina haƙori da shi, shi ya sa ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. In ba ka san wannan ba, sai ka ɗora wa rijiya laifin kafso.

Mu zo ranar kasuwa. Mutum ya kwana bai runtsa ba, kunci a kumbure, ya tsaya gaban mai tallar magani. Za a haɗa masa farasitamol, da dikulofenak, da kafso biyu, wani lokaci har da tiramol. Farasitamol hanta ke sarrafa shi, kuma babban mutum ba ya wuce giram 4 a yini ɗaya. Dikulofenak yana cin ciki yana wahalar da ƙoda, balle ga manomin da ya wuni a rana bai sha ruwa sosai ba. Wani kuma sai ya danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ta ƙone masa naman wurin. Kafso biyun nan ba za su warkar da haƙorin da ya ruɓe har jijiya ba, sai an cire shi ko an wanke cikinsa, kuma shan su rabi da rabi yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Idan mutumin ya iso wurinku rana ta uku, kuka yi masa allurar lidokayin ba ta kama ba, kada ku ce raki ne. Naman da ya yi mugunya yana da tsami, tsamin kuma yana hana maganin ratsa jijiya.

Inda sanin magani ya fi zama batun rai da mutuwa shi ne cutar noma, wadda a Sakkwato ake ce wa ciwon iska. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, galibi masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa, da jini da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. In ba a yi magani ba, har tara cikin goma na iya mutuwa. Alhali a matakin farko amoksisilin da metronidazol, da wankin baki da kilorheksidin, da abinci mai gina jiki, suna tsayar da ita. Ana haɗa metronidazol ne domin yana kashe ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iska, can cikin ruɓaɓɓen nama. Kuma da nauyin yaro ake awo, a ɗora shi a sikeli, kada a yi kirdado da shekarunsa, domin jikin mai tamowa ba ya sarrafa magani kamar na ƙosasshe. Ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun farkon shekarun 1990, Sakkwato na da asibitin noma tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Ga masu son bincike kan namu na gida, ƙofa a buɗe take. Kanumfarin da kakanninmu ke sa wa a ramin haƙori yana da man da likitocin haƙori ke haɗawa a cikon wucin gadi har yau. Asuwaki da icen dogon yaro ma sun cancanci a gwada su. Sai dai a yi gwajin a rukuni biyu, masu amfani da marasa amfani, a rubuta nauyin kowa da duk abin da ya sha kafin ya zo. Kuma kada a taɓa bakin yaro ko ɗaya sai da yardar iyayensa da izinin kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike a Yamai.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.