Agwagwar Rutland da Ruwan Haɗeja



A tsakiyar Ingila akwai wani dam da ake kira Rutland Water, wanda aka gina a shekarun 1970 domin ruwan sha. Duk watan Afrilu, idan sanyi ya fara janyewa, mutane kan yi sammako su jeru a bakinsa da madubin hangen nesa. Cikin abin da suke nema har da wata ƙaramar agwagwa da masana ke kira gargani. Namijinta yana da kai ruwan ƙasa, da farin zane da ya taso daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya. Ba ta da yawa a ƙasarsu, don haka wanda ya hango ta yakan rubuta rana da wuri da adadi, ya aika wa masu tattara bayanai. Abin da ya haɗa mu da su shi ne inda agwagwar ta fito. Irinta a Sahel suke cin rani, a fadamun tsakiyar Mali, da Tafkin Chadi, da dausayin Haɗeja da Nguru, suna kiwo tare da kirinjijiya da ɗinya. Ra'ayina shi ne wannan rubutu da suke yi ma'aunin ruwanmu ne, kuma mu ya fi kamata mu riƙe shi.

Ga hujjata. A shekarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda suka saba ji a kowane shinge, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Babu abin da ya sauya a gonakinsu. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa damina ce ta gaza a kudancin Sahara a 1968, farkon farin da ya kai mu ga yunwar 1973. Talakawa masu littafi da alƙalami a wata nahiya sun riga hukumomi da yawa ganin alamar masifar da ke tafe mana. Ba wani ilmin gaibu suka yi ba, sun dai ƙirga abu ɗaya a wuri ɗaya shekara bayan shekara, har lambobin suka yi magana.

Wani zai ce ai labarin Rutland ma ya nuna dam ba ya cutar da tsuntsu, tunda a dam ɗin aka ga agwagwar. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba da kyau. Gargani ba ta nutso. A ruwan da bai kai gwiwa ba take kiwo, tana tsintar 'ya'yan bado da ƙwayar ciyawa da ƙwari, kuma zurfin dam ba ya ba ta ko ɗaya. A Rutland da gangan aka keɓe gefen yamma aka yi ƙananan tafkuna marasa zurfi, can tsuntsayen ke sauka. Mu kuwa mun gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, muka tare ruwan da ke malala zuwa Haɗeja, Nguru da Gashuwa. Fari da madatsun suka haɗu, filin da ambaliya ke shafewa ya ragu da fiye da rabi. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya raya kacala, ta toshe magudanai, ta mamaye gonakin shinkafa da wuraren su. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna wannan a shekarun 1990, suka tarar cewa ruwan da ya isa dausayin, idan aka haɗa noma da su da itace, ya fi wanda aka karkatar zuwa noman rani a Kano riba nesa ba kusa ba.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda ya fi nauyi: kallon tsuntsu sana'ar wanda ya ƙoshi ce, manomin da jan-baki ya cinye masa gero ba ya neman wa'azin tsuntsaye. Ba na raina wannan ko kaɗan. Sai dai ruwan da gargani ke bukata shi ne dai ruwan da masunci ke kafa mali a ciki, shi ne wanda ke barin danshi a shuka wake da alkama bayan ya janye, shi ne ke tsiro da ciyawar da makiyayi ke kai shanunsa da rani. Idan agwagwa ta daina sauka a Dagona da ke cikin dausayin, to kifi ya riga ta tafiya. Gauraka, da muke kira tsuntsun ƙasa, yau da wuya a gan shi a fadamunmu, kuma ba mu da cikakken rubutun da zai ce ga shekarar da ya fara ɓacewa.

To, ganin tsuntsu ɗaya tal me zai tabbatar? Shi kaɗai, ba komai, domin iska kan ɓatar da tsuntsu. Amfaninsa yana cikin jerin da ya shiga. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya kowane Janairu, an saka tafkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000, kuma cibiyar Leventis da ke Jos tana horar da masu wannan aiki. Abin da ya rage shi ne jami'o'inmu na Kano, Dutse da Gashuwa su ɗauki Tiga, Challawa da dausayin a matsayin ajin karatu, su tura ɗalibai su ƙirga wata-wata tare da masunta waɗanda suka san kowane tsuntsu da lokacin zuwansa. A ajiye waɗannan lambobi a gaban hukumar kogin Haɗeja da Jama'are duk ranar da za ta yanke yawan ruwan da za a saki da damina.