Ragon Uwargida Nata Ne

A unguwar Mabera da ke Sakkwato na ga wata uwargida ta kiwata raguna biyu da kuɗin adashenta. Ana jajibirin Babbar Sallah maigida ya kai su kasuwar Kara ya sayar, ko sisi bai ba ta ba. Wai ai a gidansa suka ci dusa.

Wannan zalunci ne. A Malikiyya, mazhabar da alƙalan Sakkwato ke bi, sadakin mace da gadonta da ribar sana'arta nata ne, tana saye da sayarwa da sunanta. Hurumin miji shi ne hana ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta. Matan Ingila sai 1882 doka ta cika musu haƙƙin mallakar dukiyarsu.

Don haka 'yar'uwa, ranar da za ki sayi fili, a rubuta sunanki a takarda, gaban shaidu.