Halittun da Ido Ba Ya Gani da Sana'armu: Jawabin Wata Mamba a Taron Zagayowar Shekara

An ce in yi magana kan ilimin halittu, wanda yaranmu ke kira bayoloji a sakandare. Ni 'yar kasuwa ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, don haka ta fuskar sana'armu zan kawo maganar.

Darasin farko shi ne, tsiro da dabba da mutum duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ganye yana ɗaukar hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa, ya haɗa wa tsiro abinci, sannan ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Kun ga ke nan, geron da ke cikin mudu da numfashin da ke ƙirjinmu duk ta ganye suka biyo.

Akwai kuma dalilin da ya sa iyayenmu ke shuka wake ko gyaɗa tsakanin gero. Idan kika tuge wake, za ki ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. A cikinsu akwai bakteriya masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Manomi ya daɗe da sanin amfanin abin, makaranta ce ta faɗi dalilinsa.

To, su waɗannan ƙananan halittu, ba dukansu ne abokan gāba ba. Mai daddawa idan ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku, bakteriya ne ke yi mata aikin. Su ne ke mayar da madara kindirmo. Yis ɗin da ke kumbura fanke da burodi shi ma mai rai ne. Kenan da yawa daga cikinmu da su muke cin abinci.

Amma ga inda nake so ku buɗe kunne. Wasu bakteriyar, in suka samu ɗumi da danshi da abinci, ɗaya takan rabu biyu cikin minti 20. A wannan lissafin, ƙwaya ɗaya tana iya haura miliyan 2 cikin awa 7. Shinkafar da aka sauke da safe aka bari a buɗe har la'asar, a ido lafiya lau take, amma ciki ne zai ba da labari. Shi ya sa gishiri da shanya da tafasawa ke hana abinci lalacewa: gishiri da rana suna janye ruwan da ƙwayoyin ke buƙata, wuta kuma tana kashe su.

Masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wannan naku ne. Gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi takan yi funfuna, kuma wani nau'in funfunar yana fitar da dafi mai lalata hanta, wanda suya ba ta kawar da shi. Kada mu ce ai an yi mana rangwame mu saye ta. A tsince, a zubar da wadda ta lalace, a shanya sauran ta bushe sosai, a ɗora buhu a kan katako. Ƙuli-ƙulin nan 'ya'yan mutane ne ke ci, har da namu.

Jikin mutum kuwa, fiye da rabinsa ruwa ne. Shi ya sa amai da gudawa ke kayar da yaro cikin ɗan lokaci. Kwalara ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata take shiga. Idan yaro ya fara, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi. In babu, a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti. Sannan mu sani, maganin da ke kashe bakteriya ba ya aiki a kan bairas mai kawo mura. Mu daina sayen kafso barkatai, domin yawan shansa ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin su daina jin magani. Allurar rigakafi kuwa tana koya wa jiki gane cuta kafin ta zo. Da ita aka kai ga tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da cutar shan inna ta asali a shekarar 2020.

Roƙona biyu ne. Na farko, duk mambar da ke sayar da abinci ta ajiye ruwa da sabulu a rumfarta, ta kuma rufe kayanta saboda ƙuda. Na biyu, a cikin ribar bana mu ware wani abu don kuɗin jarabawa da littattafan kimiyya na 'ya'yan mambobi mata. Muna kukan rashin likitoci mata da ungozomomi a asibitocinmu, to daga wannan darasin na aji ɗaya na babbar sakandare ake fara samunsu. In aka cire yarinya daga makaranta don talla, wa zai duba mu gobe?

Allah ya sa albarka a jarinmu, ya ba mu lafiya da zuri'a tagari, ya maimaita mana.