Yadda Ake Dashen Zogale a Cikin Gida

  Yau maganarmu a kan zogale ce.

Kowa ya san zogale. Muna cin kwaɗonsa, muna zuba shi a dambu da miya. Ganyensa yana gina jiki, yana ƙara lafiyar ido, yana taimakon yara da masu shayarwa. Amma mutane da yawa suna kukan cewa sun dasa shi bai kama ba. Yawanci laifin ba na iri ba ne. Abu uku ne ke sa dashe ya yi kyau: wuri mai tsabta, lokacin da ya dace, da kula da saiwa.

Mu fara da wuri. Wannan magana ta fi shafarmu. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Abin ya taɓa garuruwa irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Dalili shi ne daka da niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Daga baya an kankare ƙasar gidajen, an zuba sabuwa. An yi aikin Bagega a 2013.

Jama'a, dalma ba ta ruɓewa. Tana nan cikin ƙasa shekara da shekaru. Don haka kada a dasa zogale inda aka taɓa daka dutsen zinari, ko wanke shi, ko shanya shi. Kada a ɗebo ƙasa daga irin wannan wuri. Ƙurar wurin tana hawa kan ganye, yaro ya ci. Rigakafi ya fi magani.

A zaɓi gefen da rana ke samu sosai. Kada ya zama kwari inda ruwa ke kwanciya, domin ruwa mai yawa yana ruɓar da saiwar zogale. Mutanen Gummi da ke kusa da fadamar gulbin Zamfara su nemi tudu, ko su tara ƙasa ta yi tudu kafin su dasa.

Na biyu shi ne lokaci. A fara renon iri a watan Mayu. A sami leda, a huda gindinta. A cika ta da ƙasa mai kyau da ɗan yashi da taki. A sa ƙwaya 2, zurfin gaɓar yatsa ɗaya kawai. In aka binne ta da zurfi, ba za ta fito ba. A ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Cikin mako 1 zuwa 2 za ta tsiro. In duka biyun suka fito, a bar mai ƙarfin, a cire ɗayar.

Bayan mako 4 zuwa 6, dashe ya yi. Wannan zai zo daidai da ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin da damina ta zauna. Kada a jira markar Agusta. Kuma da yamma ake dashe, ba da tsakar rana ba.

Na uku shi ne saiwa. Zogale yana da uwar saiwa guda, mai kama da ɗan rogo. Ita ke ajiye masa ruwa da rani. Tana da laushi ƙwarai. In ta karye, tsiron zai yi yaushi, wataƙila ma ya mutu. Ga yadda za a yi:

1. A haƙa rami, zurfinsa kamu 1, faɗinsa kamu 1.
2. A gauraya ƙasar ramin da taki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.
3. A mayar da ƙasar cikin rami, a bar gurbin da tsiron zai zauna.
4. A tsaga ledar da wuƙa a hankali. Kada a fizgo tsiron. A sa shi tare da ƙasarsa.
5. Inda ƙasa ta tsaya masa a cikin leda, nan za ta tsaya masa a rami. Kada a binne wuyansa.
6. A danna ƙasa da hannu, a zuba ruwa.

Tsakanin wannan itace da wancan, a bar taki 3 na babban mutum. In shinge ake so, taki 1 ya isa.

Wanda ba shi da iri yana iya dasa reshe. A sari reshe mai ƙwari, tsawon kamu 2. A binne kashi 1 cikin 3. Reshe yana saurin ba da ganye, amma ba ya yin uwar saiwa mai zurfi. Saboda haka na iri ya fi jure fari da iska.

Saura tsaro. Akuya ba ta barin zogale. A kewaye shi da ƙaya ko kara tun ranar dashe. In ya kai ƙugun mutum, a katse kansa. Kada a ji tausayinsa. Katsewar ce ke sa ya yi rassa, ganye ya yi yawa, hannu kuma ya riƙa kaiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga iyayenmu mata kuwa, in kun tsinko ganye ku wanke shi da ruwa mai tsabta. Ku shanya shi a inuwa, a kan faifai, nesa da ƙasa da ƙura. Rana tana rage masa amfani. In ya bushe, ku adana shi a mazubi mai murfi don miyar rani.

Ina roƙon kowane maigida ya dasa ko da guda 3 ne a wannan damina. Wanda ya sami iri ya sam wa maƙwabcinsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuriya.